Duk Kwali Ɗaya Ne

Tun da fetur ya ƙare kowa ya koma keke, aka kafa doka: keken da fitilarsa ba ta ci, ba ya hawa titi, ko da rana tsaka.

Kwana tara bayan batirin fitila ya fashe a ɗakin Haladu tela, wutar ta ci matarsa, sai ga shi da hantsi a rumfar Barau, inda ya sayi wancan batirin. 'Yarsa Saratu na kwance a asibitin ƙuna, nesa da gari.

Barau ya yi masa ta'aziyya, ya miƙo batiri da yatsu ukun da suka rage masa.

Haladu ya ce, "Malam Barau, babu wani iri?"

"Mai kyau na masu hali ne, ba ya zuwa kasuwar nan. Duk kwali ɗaya ne, har na keken matata."

Haladu ya sa shi, fitila ta kama. Kafin ya kai gada ya taɓa batirin, ya ji zafi. Ya janye hannunsa, ya ci gaba da taka keken, don ƙarfe huɗu ake rufe ƙofar asibiti.