Wa Ya Yaye Labulen?

Tun daga ƙofa ta hango labulen a yaye.

Jiya aka yi wa ɗanta allurar sabon magani. Likita ya ce gutsattsarin ƙwayar halitta ne masu barci cikin jini, haske ke tashinsu. Gobe za a haska ƙarin da ke wuyansa kaɗai. In rana ta riga taɓa fatarsa, maganin zai farka ko'ina, ya ci har naman mai lafiya.

"Inna, wa ya buɗe taga?"

"Ni mana. Jikana ya ɗashe, ku kulle shi a duhu kamar ɓarawo?"

Yaron na zaune tsakiyar rana, ba riga, yana ƙyalƙyala dariyar da ta daɗe ba ta ji ba.