Hoton Cikin Mero

Injiniyar da aka turo daga Birnin Kebbi ta shigo ɗakin kwamfuta tana taunar cingam. Ta ture wata matacciyar tsaka da takalminta, ta ajiye jakarta a kan ƙurar tebur. Tun daga nan Atika ta ji matar ta fita daga ranta.

Atika ce mai ba da kati a wannan ƙaramin asibiti da wata ƙungiyar agaji ta gina a kan hanyar Tsamiya, dab da iyakar Benin. Jibi kuma ƙanwarta Mero za ta koma gaban alƙali.

Mijin Mero, Labbo, kwale-kwale ne ya kife da shi a Kaoje. Sai a damina ta uku bayan rasuwarsa Mero ta haihu, ba ta kuma sake aure ba. Dangin miji suka kai ƙara. A waɗannan shekaru babu wanda bai san hukuncin bazawarar da aka tabbatar wa zina ba.

Mero ta ce cikin Labbo ne, kwanciya ya yi, kamar yadda malamai suka yarda ciki yakan kwanta shekaru. Da aka matsa mata a gida, ta ce ai bayan ta fita takaba an yi mata hoton ciki a asibitin nan, likita ya gani. Likitan ya daɗe da komawa ƙasarsu. Atika ce da bakinta ta gaya wa alƙali cewa hoton yana nan cikin uwar garke, babbar kwamfutar da ke ajiye komai na asibitin. Alƙali ya ce a kawo.

Sai ga uwar garken ta tsaya tana ƙara kamar gyare.

Faifai biyu ne a cikinta, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ta kwafa a ɗayan. Ɗaya ya mutu. Injiniya Munawwara ta zo da sabo.

"Hajiya," in ji Atika, "wanda ya haɗa muna na'urar ga ya ja kunnena. Ya ce manhajar da ke kula da faifan nan tana da ciwo sananne. In ba a sabunta direbanta ba, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da faifan, aka sa sabon faifai, rikicewa take, ta kwafe wanda babu komai bisa mai kaya."

"Na ji, Malama," in ji Munawwara, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta tayar da na'urar da faifan da ya rage. Da Atika ta ba ta labarin shari'ar, Munawwara ta tambayi cikakken sunan Mero, ta tambayi shekarar da Labbo ya rasu. Sannan ta ce zafi ya yi yawa, a taimaka mata da ruwan sanyi. Atika ta fita tana tsaki a ranta. Ran mutum na rataye, wata na neman ruwan sanyi.

Da ta dawo ta tarar Munawwara ta yi tagumi. Ta daina taunar cingam ɗin. Ruwan ma ba ta sha ba. Ta ɓare sabon faifai daga ledarsa, ta zura shi, ta danna.

"Kin sabunta direban?"

"Bari dai ta gama."

Ta gama. Faifan biyu suka nuna kore, lafiya lau, babu komai a cikin kowanne. Katunan masu awo, sakamakon jini, hotuna, duk sun tafi.

"Sai da na gaya miki!" Atika ta daka mata tsawa. "Ɗiyar mutane kika kashe, Hajiya! Wane irin karatu kuka yi?"

"Matsala ce sananniya," in ji Munawwara tana naɗe wayoyinta. "Kamfanin ma ya san da ita. Zan rubuta wa alƙali bayani."

Bayan fitarta Atika ta ga cingam ɗin manne a gefen tebur. Ta kwarara ruwan a tsakar gida, ta wanke kofin da toka kamar kare ne ya lasa.

A gida Mero ta saurari labarin tana shayar da yaron. Ba ta yi kuka ba. "Allah ya sa haka shi ne alheri, Yaya," ta ce. Atika ta rungume ta, tana mamakin irin haƙurin yarinyar nan.

A kotu babu hoto, babu shaidu. Alƙali ya ce ba a tsayar da haddi bisa shakka, ya ba marigayi Labbo ɗansa. Duk da haka Atika ba ta huce ba. Ta kai ƙarar injiniyar wurin ƙungiyar, aka cire Munawwara daga aikin.

Munawwara ba ta kare kanta ba. Alhali tun kafin wannan rana ita ce ta bi sauran asibitocin ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya tana sabunta wannan direba, ita ce ma take koya wa sababbin ma'aikata hatsarinsa. A lokacin da Atika ta tafi ɗebo ruwa ta buɗe hoton, ta duba kwanan watan da ke kansa, ta sake dubawa. An ɗauke shi ne Labbo ya shekara a kabari, mahaifar Mero kuwa wayam take, babu ciki ko kwantacce.