Akori-kurar Baba Njidda

Karo na tara ke nan Hammajoda yana murza makulli. Injin ya juya, ya juya, ya yi shiru. Batir da ƙarfinsa, amma akori-kurar ta kafe a ƙofar gida kamar jakin da ya ga kogi.

An riga an shimfiɗa katifa a bayanta, inda ya saba loda albasa. Mahaifinsa, Baba Njidda, za a kai asibitin Marwa. Kwana huɗu ƙirji ya riƙe tsohon, ƙafafu sun kumbura, malamin ɗakin shan magani kuwa ya ce kada a wuce yau. Ƙauyen ba ya ganin wata mota sai ranar kasuwa.

"Ba kai ka ce lafiyarta ƙalau ba?" in ji yayarsa Jaratu. "Shekara talatin Baba na tuƙa ta, ba ta taɓa kunyata shi ba. Shekara biyu a hannunka ta zama kwandon tsiya."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Jiya ta aike shi gidan mai na bakin kwalta ya cika tanki. Ya ga nisa, ya tsaya gindin dalbejiya ya sayi na kwalba wurin mutumin da kowa ya san yana surka shi da kananzir. Daga shi sai Allah suka sani.

Ya cire tiyo, ya zuƙa da baki, ya tsiyaye tankin tas. Ya wanke kabureta, ya goge fulogai ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi mai mai kyau daga injin ban-ruwan maƙwabci ya zuba. Maza shida suka tura motar har masallaci suka dawo da ita, ko tari ba ta yi ba. Ya kira Sali bakanike a waya, Sali ya ce ga shi nan tafe, in ruwan rafi ya bar babur ya ƙetare.

Da azahar ya leƙa ɗakin tsohon. Yana kwance ya ja mayafi har wuya. Da sassafe ma sai da ya tayar musu da hankali, don a waje aka tsince shi zaune a ƙasa, ya jingina da tayar motar yana haki. Wai ya fito gaida tsohuwar abokiya. Jaratu ta yi ta faɗa, ga sanyi, ga hannun rigarsa duk baƙin mai.

"Baba, ta ƙi tashi. Me ya rage ban duba ba?"

"Bar ta ta huta," in ji tsohon, muryarsa can ƙasa. "A bayanta na ɗauko uwarku daga Marwa, naɗe a tabarma. Ko kalmar shahada ma'aikatan asibitin ba su bar ni na biya mata ba. Zo nan, Hamma. Zauna."

Maganar man kwalba ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Ina zai iya zama ya dubi idon mutumin da yake kashewa saboda ƙyuya? Ya ce, "Yanzu zan dawo, Baba," ya fice.

Bai dawo ba. Ya sake kwance abin da ya ɗaura, ya sake wanke abin da ya wanke. Sau biyu Jaratu ta fito ta ce Baba na kiransa, sau biyu ya ce ga shi nan. Kansa na cikin injin, sifana a hannu, ya ji salatinta ya tsaga gidan ana gab da la'asar.

Sali ya iso ana fitar da tabarmin zaman makoki, wandonsa jiƙe har cinya. Ya yi ta'aziyya. Hammajoda ya ja shi gefe, hawaye na zuba.

"Ni na kashe shi, Sali. Man kwalba na zuba mata."

Sali ya shinshina man da aka tsiyaye, ya taɓe baki. "Wannan? Da wanda ya fi shi lalacewa motocin garin nan ke yawo." Ya ɓalle murfin da wayoyin fulogi ke fitowa daga cikinsa, ya leƙa, ya ɗago. "Malam, ina rota? Ɗan abin nan mai raba wa fulogai wuta, bai kai babban yatsa ba. Babu shi, ko zamzam ka zuba ba za ta tashi ba. Tsofaffin direbobi in za su kwana a hanya shi suke zarewa, saboda ɓarayi."

Hammajoda bai kai ga amsawa ba liman ya leƙo daga wurin wankan gawa ya yafito shi.

"Zo ka taya ni, ɗana. Hannunsa na dama ya ƙi buɗuwa."

Ya durƙusa, ya ɓamɓare yatsun mahaifinsa ɗaya bayan ɗaya. Rotan ya faɗo cikin ƙwaryar ruwa.