Awarwaron Sagir

Tun da aka kafa dokar cewa duk wanda sunansa ke kan manhajar kyauta sai ya sa awarwaro mai girgiza a kan kowane ƙorafi, Larai ke jiran wannan rana. Shekara shida ta yi tana rubuta manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta, abokin aikinta Sagir ya goge sunanta ya sa nasa.

Ranar Talata firintocin garin duka suka ƙi bugawa. Sagir ya same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa, hannunsa na kakkarwa, fatar ƙarƙashin awarwaron duk ta saɓule.

"Yaya Larai, don girman Allah. Ke kaɗai kika san inda matsalar take."

Ta sani kuwa. Layi ɗaya ne, gyaran minti biyu.

"Ni a su wa, Sagir? Ai ni mai amfani ce kawai."

Ta goge hannu da zane, ta jawo kwamfutarta, ta rubuta ƙorafin cewa takardar asibitin mahaifiyarta ta ƙi fita. Ta tura tana kallon idonsa, sai da ta ga awarwaron ya sake girgiza hannun sannan ta koma kan shinkafarta.