Gadar da Kaka ba ta faɗin sunanta

Bayan babban fari aka gina gadar garinmu, kusa da Bande. Aka sa mata sunan kakana Habu, wanda ya rasu yana fid da mutane daga korama lokacin ambaliya. Kaka kuwa, don kunya, ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba.

Wata la'asar wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tambaye ta hanyar Magarya.

"Ka bi ta gadar mai gidan nan."

"Wane mai gida, Iya?"

Ta zungure ni. "Ke, faɗa masa."

"Gadar Habu!"

"Bai ji ba, ƙara."

Ya ji sarai. Na ƙara, ita tana ta gyaran kallabi.

Na karanta sunayen tituna daga Legas har Faris. Ban ga wanda aka saurara haka ba.