Ɗaki na Huɗu

Uku kore, ɗaya ja. Sau biyar ke nan Munzali yana buga umarnin, sau biyar ɗaki na huɗu yana watsa masa ƙasa a ido.

Wata ƙaramar ƙungiya ce a Birnin Kudu take neman mutum ɗaya tak da zai kula da manhajarta, wadda ke tura wa makiyaya saƙon waya idan lokacin rigakafin shanu ya zo. An tace an tace, saura su biyu: shi, da wata Mahbuba daga Unguwar Ya. Shugabar, Hajiya Sabuwa, ta sa kowa a ofishi daban, ta ba kowa kwamfuta.

"Ku gudanar da gwajin manhajar, ku zo ku faɗa mini abin da kuka gani. Awa ɗaya," ta ce, ta ja ƙofa.

Abin ba wuya. Kalma ɗaya ake rubutawa a baƙin allo, tox, sai ta gina keɓaɓɓun ɗakuna a cikin kwamfutar, kowanne wayam, ko tabarma babu. A kowane ɗaki ta zuba manhajar da kayan da aka lissafa mata kaɗai, ta gwada. Amfanin haka shi ne tarkacen da ke kwamfutar mutum ba za su rufa wa manhaja asiri ba. In ta tsaya da ƙafarta, kore. In ta faɗi, ja.

To, na huɗun nan kuwa ko dalili bai bayar ba. Sunan fayil ɗin gwajinsa kawai ya nuna, da ja ɗin nan mai cin rai. Munzali ya lura an taɓa fayil ɗin da safiyar ranar, bai kawo komai a ransa ba. Ai shi gwani ne, kuma kowane gwani ya san idan ɗakuna uku suka wuce ɗaya ya tsaya, laifin ɗakin ne. Wa zai zargi gwaji? Gwaji ai alƙali ne, ba a tuhumarsa.

Ya rushe ɗakin ya sake ginawa. Ja. Ya canja kayan ciki ɗaya bayan ɗaya. Ja. Fanka na juyawa, amma zufa ta jiƙa masa wuyan riga, rigar da ya sha wahalar gogewa da dutsen gawayi.

Saura minti goma ya tuno mahaifinsa. Malam Barau da kansa ya rako shi bakin titi a Dingaya, kuma duk wanda suka gamu da shi sai ya tsayar da shi: "Munzali ne zai tafi aikin kwamfuta, a sa shi a addu'a." Har liman sai da aka gaya wa. Yanzu da wane ido zai sauka daga mota ya ce wani ɗaki da ba ya ganuwa ya kayar da shi?

Ya kalli ƙofa. A rufe take. Taga ma bangon maƙwabta take kallo.

Ya buɗe fayil ɗin da ake jera sunayen ɗakunan. Huɗu ne a layi ɗaya. Yatsansa ya daɗe a kan maɓalli, sannan ya danna, ya goge na huɗun. Suka koma uku. Ya sake buga umarnin, allo ya cika da kore, har da 'yar kalmar taya murna a ƙasa.

Wallahi bai ji daɗinta ba. Kunya ce ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, shi kaɗai a ɗaki. Ya ce a ransa in ya samu aikin, ranar farko zai mayar da sunan ya gyara matsalar, ba wanda zai cutu. Ya maimaita hakan sau uku, bai gamsar da kansa ba ko sau ɗaya.

A ofishin Hajiya ya tarar Mahbuba ta riga shi, tana murza gefen hijabinta.

"Uku sun wuce, Hajiya," ta ce, kanta a ƙasa. "Na huɗu ya faɗi. Na yi ta fama da shi, lokaci ya ƙare ban gano dalili ba. A yi haƙuri."

Munzali ya ji tausayinta, ya kuma ji sanyi a ransa, sannan ya ji kunyar sanyin da ya ji. Baiwar Allah, ta ba da kanta da bakinta.

"Kai fa, Malam Munzali?"

"Sun wuce."

"Duka?"

Nan ne fa ƙofar ƙarshe ta faɗin gaskiya, kuma ya gan ta a buɗe.

"Duka, ranki ya daɗe."

Hajiya Sabuwa ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Ta dube shi ɗan lokaci, irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da ya ce bai taɓa tukunya ba alhali bakinsa duk mai ne. Sai ta jawo kwamfutarta, ta juyo musu da allon, ta buɗe fayil ɗin gwajin ɗaki na huɗu, wanda shi bai ga dalilin buɗewa ba.

Layi ɗaya ne a ciki, ita ta rubuta shi da hannunta bayan sallar asuba, yana neman kwamfuta ta tabbatar cewa ɗaya daidai yake da biyu, abin da ba zai taɓa ba da kore ba.