Randar da Aka Shafa wa Fenti

Ka ce ɗalibanka sun haddace cewa ruwa yana zama tururi ya hau sama, amma in ka tambaye su ina suka taɓa ganin haka, sai su yi maka zuru. To, Malam Ɗayyabu, ni ma na sha wannan fama lokacin da nake riƙe da alli. Gyara zama in ba ka wani misali, gobe ka kai musu shi tun da ɗuminsa.

An yi wani mai gyaran keke da gidansa yake bakin hanyar kasuwa. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa wasiyya guda: kada randar ƙofar gida ta wuni babu ruwa. Randa ce ta ƙasa a inuwar ceɗiya, an kafa gindinta cikin yashi, ga moɗa a kan murfi. Masu jakai da masu tallan nono da duk wanda rana ta doka, nan suke tsayawa su sha ruwa mai sanyi, su ce Allah ya jiƙan mai randa. Duk duniya babu abin da ke faranta wa ɗan rai kamar jin wannan addu'a. Sai dai shi mutum ne mai tattali, irin wanda ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya yarwa. Da bazara ta tsananta, ruwan rijiya ya yi ƙasa, sai ya lura jikin randar kullum yana naso, kuma ko ba wanda ya sha, abin da ya zuba da safe sai ya ragu kafin la'asar. Abin ya riƙa ci masa tuwo a ƙwarya. Ya ce lallai maginiya ta cuci tsoho da randa mai yoyo. Ya ɗauko ragowar fentin keke, kore shar, ya shafe jikinta tas har tana ƙyalli. Naso ya tsaya, ruwa ya daina raguwa, gogan naka ya koma bakin aiki yana jin ya yi dabara.

Ba a jima ba masu sha suka fara kurɓa ɗaya su ajiye moɗa. Wata mai nono da ba ta iya ɓoye magana ta ce masa, “Maigida, wannan ai ruwan wankan jego ne.” Daga nan mutane suka riƙa wucewa da sallama kawai, ƙofar gida ta yi tsit, addu'ar da ake yi wa tsoho ta yanke. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya sauya rijiyar da yake ɗiba, ya yi wa randa rumfa da zana, har ya fara zargin bakin mutane, duk a banza. Rannan da azahar ya yi alwala ya zauna, sai wata 'yar iska ta kaɗo. Ya ji hannuwansa da fuskarsa sun yi sanyi, alhali gadon bayansa da ruwa bai taɓa ba yana nan kamar tanda. Ya zuba wa hannunsa ido yana kallon laimar tana bushewa, tana bushewa sanyin yana shiga. Ya ɗaga kai ya dubi korar randarsa, sai dariya ta ƙwace masa, har matarsa ta leƙo daga zaure ta ga ko lafiya. Ya ce mata, “Ashe gumi take yi, ni kuwa na sa mata rigar leda.” Ran kasuwa ya sayo sabuwar randa, ya kafa ta inda iska ke ratsawa, ya jiƙa yashin gindinta. Tsohuwar randar mai fenti kuwa uwargida ta karɓe tana zuba gero. Kafin kasuwa ta zagayo, moɗa ta koma yawo daga hannu zuwa hannu, ya sake jin ana cewa Allah ya jiƙan mai randa.

Ka ga abin da za ka nuna wa yara ke nan. Ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa, in zai bi iska sai ya tafi da zafi, shi ya sa na ciki yake sanyi. Haka tafki yake yi, haka kogi da teku da ganyen bishiya, kowa yana ba iska nasa ba tare da ido ya gani ba. Tururin ya hau can sama inda ake sanyi, ya koma ƙananan ɗigo, su taru su zama gajimare, gajimare ya yi nauyi ya zama hadari.

Shi ma mai gyaran keken sai da ya ga ƙarshen zancen. Ranar da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙamshi, indararo yana zuba, yara suna tsalle a tsakar gida, ya fito ya tsaya cikin ruwan da rigarsa, ya buɗe murfin randa. Matarsa tana kiransa ya shigo kada mura ta kama shi, shi kuwa yana ta murna yana cewa, “Bar ni, ruwan randata ne ya dawo, har da gyara.” Damina ta kankama, rijiyar da yake tsoron ta ƙafe ta cika har ana ɗiba da gajeren igiya.

Abin da ya ɗauka asara ce, shi ne ya sanyaya masa ruwa, ya dawo wa mahaifinsa da addu'a, ya kuma komo masa daga sama. Gaskiyar masu iya magana da suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.